Yadda za ka gano sunan ƙananan 'yan tsanan roba da ka yi wasa da su kana yaro

Abin haka kawai yake faɗo wa mutum a rai, wani ɗan mutum-mutumi na roba da bai wuce tsawon yatsa ba, kana tuna kalarsa, kana tuna yadda kake lanƙwasa masa hannu ya dawo, har warin robar ma kana ji a hanci, amma suna kam ya ɓace ɓat. In ka tashi nema kai tsaye da "ɗan dodo kore na roba" ba abin da zai fito maka sai tarkace. Akwai yadda ake bi.

Da farko kar ka buɗe hoto ko ɗaya tukuna. Ɗauki biro da takarda ka rubuta duk abin da ka tuna, don da zarar ka fara kallon hotuna ƙwaƙwalwa za ta fara haɗa naka da na wasu, can sai ka rantse naka ma yana da ƙaho alhali bai da shi. Rubuta shekarun da kake wasa da shi, ko da kintace ne, kamar 1990 zuwa 1994. Kala ɗaya ne daga kai har ƙafa ko an yi masa fenti? Da laushi yake ko da tauri? Hannunsa na juyawa ko a dunƙule aka zuba shi? Maganar girma kuma ka rage masa, hannun yaro ƙarami ne, abin da kake gani kamar ya cika tafin hannu yawanci santimita 4 ne ko 5.

Na biyu, kuma ni a ganina wannan ya fi fuskar abin muhimmanci: a cikin me ya zo? Fuskokin dodanni duk kama suke da juna, amma mazubi shi ke raba gardama. Wanda ya fito daga ƙwan cakulan ɗin Kinder daban, wanda ya faɗo daga injin da ake jefa wa kwabo a murɗa, cikin ɗan ƙwallon roba, daban, wanda aka sayar da yawa a leda ɗaya ba ko kwali shi ma daban.

Yanzu sai ka gwada abin da ka rubuta da manyan dangogin da aka sani. In 'yan kokawa ne masu ƙirar ban dariya, kala ɗaya ruwan hoda, masu ɗan tauri, to ka fara da M.U.S.C.L.E. da kamfanin Mattel ya fitar a Amurka a 1985, asalinsu daga Japan ne inda Bandai ke yin su da sunan Kinkeshi tun 1983, sun haura siffa ɗari biyu, wasu ma a cikin ɗan kwandon shara na roba ake sayar da su goma-goma. In dodanni ne masu laushi, ja ko kore ko rawaya ko shunayya, kuma kana tuna wata lamba a jikinsu kamar 5 ko 25, wannan Monster in My Pocket ne na Matchbox, 1990, zubin farko guda 48, lambar kuma maki ce da yara ke gasa da ita. Dabbobi sanye da sulke, da wata 'yar sitika a ƙirji da sai ka murza da yatsa ta ɗumama sannan hoton wuta ko ruwa ko itace ya bayyana? Battle Beasts kenan, wajen 1987. Waɗanda suka taso daga baya kuma, in abin lagwai-lagwai ne mai siffar ƙazanta a ɗan kwandon shara kore, Trash Pack ne na kamfanin Moose na Ostireliya, 2011. Kar ka manta wasu ma ba 'yan tsana ba ne, kilinar goge fensir ce aka yi da siffar dabba ko dodo.

In ka yi sa'a abin yana nan a ƙasan wani akwati, ai aiki ya zo da sauƙi. Juya shi, duba tafin ƙafa da gadon baya da bayan cinya, haska fitilar waya ta gefe, ba ta sama ba, sai ka ga rubutun ya taso. Ɗauki hoto ka zuƙo shi. "Y/S.N.T" a baya alamar M.U.S.C.L.E. ce. "Peyo" da "Schleich" na 'yan Smurf ne, shuɗɗan nan na katun. "W. Germany" na nufin an yi ƙirar kafin haɗewar Jamus a 1990, "Hong Kong" kuma yawanci tsohon kaya ne, kafin masana'antun kayan wasa su kwarara cikin Chana. Alamar CE, wato ta cika ƙa'idar Turai, ba ta hau kayan wasa ba sai wajen 1990. Abu ɗaya dai, shekarar da ke kusa da © shekarar ƙira ce, ana iya ci gaba da zuba abu a ƙira ɗaya shekara da shekaru, don haka kar ta ruɗe ka.

Sai bincike. Mai abin a hannu ya ɗora shi kan farar takarda ya saka hoton a Google Lens, manhajar bincike da hoto. Wanda ba shi da shi sai ya rubuta da Turanci, gajere, kamar "mini rubber monster figures 1990", ya riƙa canja kalma ɗaya-ɗaya. Dabarar da ta fi aiki ita ce duba kasuwar intanet ta eBay wajen masu sayar da su tuli guda, irin wanda ya kwashe kwalin yarintarsa gaba ɗaya ya ɗauka a hoto, a cikin tarin nan ne za ka hango naka ya leƙo daga gefe, kuma sau da yawa mai kayan ya rubuta sunan. In duk ya faskara, zana shi, komai munin zanen, ka kai wa masu tara irin waɗannan kaya a Facebook ko Reddit tare da shekara da girma da mazubi. Mutanen nan wallahi daga ƙafa ɗaya suna iya gaya maka ko wane ne.

Akwai kuma yiwuwar naka jabu ne, kuma wannan ba abin mamaki ba ne ko kaɗan, don ƙananan masana'antu sun yi ta kwafar ƙirar manyan kamfanoni suna zubawa da roba mai araha. Za ka gane shi da fuska a dame, ragowar roba a gefe-gefe, ya ɗan fi na asali ƙanƙanta, babu tambari ko sai sunan ƙasa kawai. Irin wannan ba shi da suna nasa, sai dai ka gano wanda aka kwafa, ka ƙara kalmar "bootleg" a bincikenka.

In ka samo tsohon ya yi danƙo, sinadarin da ke sa roba laushi ne ke tsattsafowa, wanke shi da ruwa mai ɗumi da sabulu, ka shanya a inuwa, kuma kar a ba jariri ya sa a baki.