Yadda Ake Zaɓen Tufafi Masu Roba da Kula da Su

Abin da ke sa wando, safa ko hular cikin hijabi su tale sannan su koma yadda suke shi ne wani siririn zare da Joseph Shivers ya samar a kamfanin DuPont na Amurka a shekarar 1958. A jikin ɗan ƙyallen bayanin da ke cikin tufa ana rubuta sunansa spandex ko elastane, wani lokaci kuma Lycra. Ba a saƙa tufa da shi zalla, sai dai a gauraya shi da auduga ko nailan: wandon jins yakan ɗauki kashi 1 zuwa 3 cikin 100, kayan motsa jiki kuwa sukan kai kashi 10 zuwa 20.

Wanda ya shiga kasuwar Katako ko ta Taminus a Jos neman irin waɗannan kaya, musamman a wajen 'yan gwanjo, kada talewar tufa ta ruɗe shi, domin ko wadda robarta ta mutu tana talewa. Komawar ita ce abin dubawa. A kama ƙugun wandon da hannu biyu, a ja, a sake shi; mai lafiya nan take zai koma, wanda ya tsufa kuwa zai tsaya a sake. A kara kunne yayin jan, idan aka ji wani ɗan sauti kamar ana murƙushe busasshen ganye, to zaren ciki ya riga ya tsintsinke. Haka nan a ɗaga tufar a haske a duba gwiwa da mazauni, inda 'yan fararen zaruruwa kan leƙo waje. A ganina ko da an fasa sabuwar dila ne a gaban mutum, wannan gwaji ya zama dole. Kuma kada a sayi wadda ta yi kaɗan da sunan za ta buɗe, saboda zaren da yake a tale kullum shi ne ke saurin saki.

A wajen wanki ne aka fi yin ɓarna. Sanyin Jos a watannin Disamba da Janairu yakan sa mutane su dafa ruwa su jiƙa kaya a ciki, alhali zafi ne babban abin da ke kashe wannan zare. Ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi ya wadatar. A juya tufar ciki waje, a wanke da sabulu kaɗan, kada a sa bilic ko kusa, kada kuma a murɗe ta wajen matsewa. A shanya a inuwa, iskar hunturu za ta busar da ita da wuri.

Kayan da aka yi gumi a cikinsu a wanke su a ranar, domin gumi da man shafawa suna cin robar sannu a hankali. Guga kuwa yawancinsu ba sa buƙata; idan ta zama dole, a rage wutar, a shimfiɗa ƙyallen auduga a kai, a kuma nisanci dutsen guga na gawayi, tun da ba a iya daidaita zafinsa.