Yadda Ake Farautar Tsofaffin Kwabbai da Na'urar Gano Ƙarfe

A watan Afrilun 2010 wani Bature mai suna Dave Crisp yana yawo da na'urarsa a wata gona kusa da garin Frome a Ingila, sai ta yi ƙara. Da ya tona sai ya ci karo da bakin wata tukunyar ƙasa maƙil da kuɗin Rumawa. Nan ya tsaya, ya mayar da ƙasa, ya kira masana kayan tarihi. Da aka ƙirga, kwabo 52,503 ne, aka kuma biya fam 320,250, suka raba shi da mai gonar. A Ingila wannan sha'awa ta fi kafuwa, don haka da tsarinsu zan yi bayani.

Matakin farko ba ya buƙatar na'ura ko kaɗan, neman izini ne. Kowane fili yana da mai shi. Ka je ka yi sallama, ka faɗa wa mai gona abin da ya kawo ka, ku yi yarjejeniya a rubuce kan yadda za a raba abin da aka samu. Rabi da rabi aka saba yi. Wuraren tarihi da gwamnati ta killace kuwa, shiga da na'ura ba tare da takardar izini ba laifi ne.

Sai zaɓen wuri, kuma a nan ake gane gwani. Kuɗi yana faɗuwa ne inda mutane suka riƙa sa hannu a aljihu: tsohuwar kasuwa, mashigin rafi, bakin rijiya, hanyar ƙafa da ta mutu, kufan gari. Ka samo tsohuwar taswira ka gwama ta da ta yanzu, ka tambayi dattawan yankin inda ake cin kasuwa a da. Gonar da aka gama huɗa ta fi daɗin aiki domin garma tana ɗago abin da ke ƙasa, kuma bayan ruwan sama na'ura ta fi ji da nisa.

Game da na'urar, kada ka fara da mai tsada. Ƙananan samfurin kamfanonin Garrett ko Minelab ko Nokta sun ishi mai koyo. Ka haɗa da ƙaramin shebur, da abin sauraro na kunne, da 'yar na'urar hannu mai kama da tocila wadda ake zura wa cikin rami don gane daidai inda ƙarfen yake.

Kafin ka fita, ka yi makaranta a bayan gida. Ka binne kwabon tagulla, da ƙusa, da marfin kwalba, da guntun gwangwani, kowanne a raminsa, ka riƙa bi ta kansu har kunnenka ya haddace muryar kowanne. Baƙin ƙarfe yana ba da ƙara mai kauri, a kakkarye. Tagulla da azurfa suna ba da siririyar ƙara mai tsabta, wadda ba ta canzawa ko ta wane ɓangare ka biyo. Akwai maɓallin da ke sa na'ura ta yi watsi da tarkace, amma shawarata kada ka murɗa shi da yawa. Siraran kuɗin azurfa da Turawan Ingila suka riƙa bugawa da guduma kafin 1662 suna iya yin ƙara irin ta tarkacen alminiyam, sai ka wuce abin da ka fito nema. Ka kuma daidaita na'urar da ƙasar wurin, musamman jar ƙasa mai marmara, wadda ke sa ta surutu ba gaira ba dalili.

In ka shiga fili, faifan na'urar, wato zagayayyen bakinta da ke jiyo ƙarfe, ya zama dab da ƙasa, a shimfiɗe, kada ya ɗaga a ƙarshen kowace lilo. Ka yi tafiyar hawainiya, kowace shara ta hau kan rabin ta baya. Ka bi layi ɗaya har ƙarshe sannan ka juyo, kamar mai shuka. In ta yi ƙara, ka ja faifan gicciye, inda layukan biyu suka haɗu nan abin yake. Yawancin kwabbai ba sa wuce taƙi ɗaya a ƙasa. Ka yanka ƙasar nesa kaɗan da tsakiya, domin bakin shebur ya sha ɓata kwabon da ya shekara ɗari biyar lafiya lau. Ka cike ramin, ka tafi da tarkacen da ka tono. Za ka tono ƙusa da marfin kwalba har ka gaji, wannan kam ba makawa.

Ba duk abin da ya yi kama da kuɗi ne kuɗin hukuma ba. Tsakanin 1648 da 1672 canji ya yi ƙaranci a Ingila, sai masu shaguna da gidajen saukar baƙi suka riƙa buga nasu ƙananan kwabban da sunansu da garinsu a jiki. Akwai kuma waɗanda ake yin lissafi da su, ba na kashewa ba, da aka riƙa kawowa daga Nuremberg ta Jamus. Ni na masu shagunan nan sun fi burge ni, don suna faɗa maka wanda ya yi ciniki a wurin.

Duk abin da ka samu, ka ɗauki hotonsa, ka rubuta daidai inda ya fito da GPS na wayarka, ka sa shi a 'yar jakarsa shi kaɗai. Kada ka goge shi da toka ko lemon tsami ko omo. Koren da ke jikin tagulla yana cikin darajarsa, in ka kankare shi ka kashe kwabon. Dokar Ingila ta 1996 ta ce kuɗin zinariya ko azurfa biyu ko fiye da aka samu tare, masu shekara 300 zuwa sama, ko goma in na tagulla ne, dole a kai rahotonsu cikin kwana 14. In ka ga alamar tukunya ko tarin kuɗi, ka yi abin da Crisp ya yi.

Mu a nan, abin da zai fi fitowa shi ne kuɗin zamanin Turawa da aka fara bugawa a 1907: kwabo mai huji, anini, sisi, taro, sule, har zuwa shigowar naira a 1973. Aninin farko da alminiyam aka yi shi, don haka kada ka raina ƙarar gwangwani. Sai dai dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Najeriya ta 1979 ta hana tono don neman kayan tarihi ba tare da izininta ba, saboda haka ka nisanci ganuwa, kufai da maƙabarta. Kuma tunda an fi sanin na'urar a hannun masu haƙar zinariya, ka fara gabatar da kanka wurin mai unguwa kafin a gan ka da ita a bayan gari.