Addu'ar asuba, hidimar Asabar da kayan cikin akwati

'Yar'uwa, ki tashi kafin yara su farka, tun ba a ɗora ruwan koko ba. Kada ki taɓa waya. Buɗe Zabura ki karanta guda ɗaya a hankali; 150 ne, in kina bi ɗaya-ɗaya za su kai ki wata biyar. Ki rufe ƙofa yadda Matiyu 6:6 ya ce, ki ambaci mutane da sunansu, har da maƙwabciyar da kuka yi cacar baki a bakin famfo. Tata ce mai wuya, don haka da ita za ki fara.

Wajen hidima ki zaɓi mutum ɗaya, unguwa duka ta fi ƙarfinki. Ni tawa wata tsohuwar gwauruwa ce a bayan cocinmu. Ran Asabar nakan ɗebo mata ruwa, in wanke mata zannuwa, in zauna ta sake ba ni labarin da na riga na haddace. Mu a cocin EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, muna wanke wa juna ƙafa saboda Yohanna 13, wankin Asabar ɗin nan ci gabansa ne.

Sai akwati. Zanin da shekara ta zagayo ba ki ɗaura ba, ki bayar. In an fito da sabon anko a Zumuntar Mata, duba tukuna ko na bara ya yage.