Yadda nake ciyar da maruƙa daga haihuwa zuwa yaye

Shanun tatsa nake kiwo, Bunaji da 'yan barbarar Firisiya, kuma tambayar da aka fi yi mini ita ce wane gari ko wace allura ke sa maraƙi saurin girma. Ni kuwa sai in fara tambayar mutum ko maraƙin ya sha dakashi.

Dakashi shi ne nonon farko mai kauri, ruwan ɗorawa, kuma a cikinsa garkuwar jikin maraƙi take. Hanjinsa na ɗaukar wannan garkuwa sosai a sa'o'i 6 na farko, bayan kwana guda kuwa ƙofar ta rufe. Don haka ina tsayawa a kansa sai na ga ya kama nono cikin sa'o'i 2. In ya kasa tashi, in tatsa in ba shi a kwalba. Maraƙi mai kilo 25 ya sha lita 2 da rabi a ranar farko, kashi biyu ko uku. A nan take kuma nake tsoma cibiyarsa a aidin.

Bayan nan sai madara, kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa kullum, da ɗuminta, safe da yamma. Nan ne yawancinmu ke cutar kanmu: a tatse saniya ƙarƙaf saboda kuɗin nono, a bar wa ɗan abin da bai kai ya kawo ba, sannan a tafi neman bitamin. Babu garin bitamin da zai maye gurbin wannan madarar.

Daga kwana 4 nake ajiye masa ruwa mai tsabta da tafin hannu ɗaya na busasshen abinci. Dalili shi ne tumbin maraƙi bai fara aiki ba tukuna, kuma hatsi da ruwa ne ke tada shi. Haɗin da nake yi: masara barzajjiya kilo 5, dusar alkama kilo 2, ƙulin gyaɗa kilo 2 da rabi, gishiri giram 100, sai garin bitamin da ma'adinai na shanu gwargwadon abin da aka rubuta a ledarsa. Kada a niƙa masarar ta yi laushi, ƙura ce kawai za ta shige masa hanci. In ya ƙi kulawa, da ya gama shan madara bakinsa na jiƙe sai in shafa masa kaɗan a leɓe; zai lasa, ya yi ta mamular baki, gobe da kansa zai nemi kwanon. Ragowar jiya a kwashe a ba manya. Wajen mako 3 nake ƙara masa harawa mai ganye, da dutsen lasa a rataye inda zai kai.

A sansana ƙulin kafin a saya. Wanda ya yi fumfuna guba ne ga hanta.

Abu biyu ba sa kusantar ƙaramin maraƙi: angurya da takin yuriya. Na taɓa rasa wata maraƙa 'yar mako 6 saboda angurya ta yi araha na zuba mata kamar yadda nake ba iyayenta. Ta daina ci, numfashi ya yi mata wuya, wata safiya na same ta kwance. Har yau abin na ci mini rai. Akwai guba a cikin ƙwayar auduga wadda sai tumbin da ya ƙosa ke iya karya ta.

Idan zawo ya kama shi, ƙishirwa ce ke kisa. A ba shi ruwan gishiri na maruƙa tsakanin lokutan madara, kuma kada a yanke madarar. Sukarin shayi ba ya narkewa a cikinsa, ƙara zawon yake yi. Gulukos ake sawa a ruwan gishirin. Ganin jini a kashi ko idanu sun faɗa, a kira likitan dabbobi ranar. Maganin tsutsar ciki kuwa ina ba su suna da mako 2, domin akwai tsutsar da ke bin nonon uwa ta shige su.

Ba na yaye da lissafin wata. Sai na ga yana cinye kusan kilo 1 na haɗin kwana 3 a jere, sannan in soke madarar yamma, bayan kwana 10 in soke ta safe.