Ga mai shirin tuƙa jirgin sama a China

Assalamu alaikum 'yan uwa matuƙa. Wanda ya samu kwantiragi a China, ya fara sabawa da mita tun yana gida. Masu ba jiragen sama umarni daga ƙasa a can da mita suke faɗin tsayi, ba da ƙafa ba. In an ce ka hau mita 10,700, ƙafa 35,100 za ka saka. Ajiye takardar lissafin a gabanka, kada ka yarda da ƙwaƙwalwarka da tsakar dare.

Da Mandarin, harshen China, masu ba da umarnin suke magana da matuƙan gida, kai kuma a yi maka Turanci, don haka nemi mataimakinka ɗan ƙasar ya riƙa gaya maka abin da aka ce wa jirgin gabanku. Mataimakin nan fa, kada ka gyara masa kuskure a gaban ma'aikata. Mutanen China sun fi mu gudun kunya. Abin da ya shafi lafiyar jirgi, faɗa nan take. Sauran, bari sai kun keɓe.

WhatsApp ba ya aiki a can, sauke WeChat kafin ka tashi. Abincin halal kuwa, nemi shagunan taliyar Lanzhou na Musulmin Hui.