Shukar soro a zafin Makka

'Yan uwa masu ɗan lambu a saman soro, Yuli ya kama, zafi yana haura digiri 45. Bara na'ana'a da ɗoɗɗoyata duk suka ƙone, kuma ni na jawo: ina ba su ruwa da azahar kai tsaye daga tankin sama, ruwan da ko hannu ba ya iya taɓawa. Ashe dafa saiwar nake yi.

Yanzu bayan sallar asuba nake ba shukar ruwa, sosai har ya ɗiga ta ƙasan tukunya, kada gishiri ya taru fari-fari a bakin ƙasa. Ruwan da na'urar sanyaya ɗaki ke zubarwa kada a bar shi ya tafi a banza, ku tara a bokiti.

Baƙar tukunyar roba tana jan zafi. Ku naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, ku ɗaga ta daga siminti, ku rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa.

Tumatir kam a haƙura sai Oktoba, furensa zubewa yake. Kuɓewa, lalo, yakuwa da zogale su ke jurewa. Furanni kuwa, ku ɗaura musu koren ragar inuwa ta ɓangaren yamma.