Masu sayen tsoffin sulallan Girka, ku riƙa duba gefe

Jama'a, duk wanda zai sayi sulen azurfa na tsohuwar Girka, don Allah ya fara duba gefensa kafin ya tura ko sisi. Ai su ba zubi suke yi ba, ɗan curin azurfa ake ɗorawa kan hatimi a buga da guduma, shi ya sa za ka gan shi a karkace, wani ma bakinsa ya ɗan tsage, kuma duk wannan ba aibi ba ne. Na jabu yawanci zubi ne, sai ka ga siririn layi ya zagaye gefen, fuskar kuma da ƙananan ramuka kamar an tsattsaga da allura.

Sannan a ɗora a sikeli. Tetradirakma, wato sulen dirakma huɗu, ta birnin Atina mai hoton mujiya tana kai giram 17 da ɗan ɗori, sitata kuwa, wato sulen tsibirin Ejina mai hoton kififiya, wajen giram 12 ce, bayanta da rami mai kusurwa huɗu inda ƙarfen bugu ya nutse. In maganaɗisu ya ja, ba azurfa ba ce.

Ku nemi takardar asalinsa wajen dillali, domin dokar Girka ta hana fitar da kayan tarihi ba izini. Kuma kar a goge shi ya yi ƙyalli, wallahi darajarsa faɗuwa take.